Dokar Su A Teku Da Hakkin Mai Kwale-kwale

Maganar yau a kan kifin teku take, da dokokin da hukumomi ke kafawa saboda kamunsa, da gardamar da kan tashi tsakanin talakawa da masu mulki duk sa'ad da aka nemi a sassauta waɗannan dokoki domin manyan jiragen kamfanoni. Mai karatu na Kano ko na Damagaram ya iya cewa, ina ruwan wanda bai taɓa ganin teku ba da dokar teku? To, sai ya leƙa rumfar masu kifin sanyi a kasuwar garinsu, ya dubi kwalayen sukumbiya da shawa da kote da ake saukewa daga motocin ƙanƙara. Ko ɗaya daga cikinsu bai fito daga Kogin Kwara ko Tabkin Cadi ba, duka na ruwan gishiri ne, kuma ranar da suka yi ƙaranci a can, lalle a nan ma sai an ji a farashi.

Kafin a shiga gardama, ya kamata a san yadda aka raba ruwan. A shekarar 1982 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yarda kowace ƙasa mai bakin teku tana da mil 12 waɗanda ke cikin mulkinta kamar tudu, sa'an nan tana da ikon dukiyar da ke cikin ruwa har mil 200 daga gaɓarta. Mil na teku ya ɗan fi na tudu tsawo, gama shi mita 1,852 ne. A cikin wannan fili mai faɗi, yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma sun yanke wani ɗan yanki na kusa da gaɓa, suka keɓe shi ga masu kwale-kwale, suka hana manyan jirage masu jan taru shigarsa. Nijeriya ta keɓe mil 5, Laberiya mil 6, Gana ta daɗe a kan mil 6 kafin ta ƙara. A kan wannan ɗan yanki ne yawancin rigimar take.

Dalilin keɓewar biyu ne. Na farko, ruwan kusa da gaɓa ba shi da zurfi, rana tana kai wa ƙasansa, koguna suna zubo masa abinci daga tudu, saboda haka nan ne 'ya'yan kifi masu yawa ke girma kafin su yi ƙarfin fita tsakiyar teku. Na biyu, iyakar inda mai ƙaramin kwale-kwale ke iya kaiwa ke nan ya komo gida da ransa, tun ba wanda ke tuƙi da hannu ba. Shi kuwa babban jirgi, tarunsa kamar wani ƙaton buhu ne mai buɗaɗɗen baki, an ɗaura masa ƙyamare na ƙarfe biyu masu buɗe bakin, da sarƙoƙi masu danne shi a ƙasa, injin yana jansa sa'o'i yana share ƙasan teku. Ba ya zaɓe. Uwa da ɗa, mai ƙwai da marar ƙwai, wanda ake so da wanda za a zubar, duka sai su tafi cikin buhun, kuma wurin da ya bi ya kan bar shi kamar gonar da aka bi da garma bayan shuka ta tsiro. In ya ci karo da ragar talaka da dare, sai ya wuce da ita, ita kuwa raga wataƙila bashi aka ci aka saya.

To, ga abin da ya faru a Laberiya. A shekarar 2010, bayan ƙasar ta fita daga yaƙin basasa ta fara farfaɗowa, aka kafa ƙa'ida cewa mil shida na farko na masu kwale-kwale ne, Bankin Duniya kuma ya taimaka da kuɗin tsaro da sa ido. Masuntan ƙasar, watau Kru masu ƙananan kwale-kwale na tuƙi, da Fanti 'yan asalin Gana masu manya da inji, suka fara ganin bambanci. A Robatsfot da sauran garuruwan gaɓa suka shaida cewa kifi ya ƙaru, kuma raguna sun daina ɓacewa kamar dā. An ƙiyasta mutum wajen 33,000 ne ke cin abinci ta wannan sana'a a ƙasar, maza suna su, mata suna banda suna kai wa kasuwa. Ana cikin haka, sai a watan Afrilu na 2017 Shugabar ƙasa Elen Janson Salif ta sa hannu a kan wani umurni mai lamba 84, wanda ya rage yankin daga mil shida zuwa mil uku. Hujjar da aka bayar ita ce, a farfaɗo da sana'ar manyan jirage domin su iya cin riba.

Nan take ƙasa ta ɗauka. Ƙungiyar masuntan Laberiya ta fito ta ce ba ta yarda ba, jakadiyar Tarayyar Turai ta nuna damuwarta, wata ƙungiya mai zama a Landan da ake kira EJF, wadda aikinta bin diddigin satar kifi, ita ma ta yi kira a janye. Ƙarshenta iyaka ta tsaya a mil shida, kuma dokar su da ƙasar ta kafa a 2019 ta riƙe wannan iyaka. Bayan shekara guda, a 2020, waɗansu manyan jirage shida na mutanen Sin suka iso Manrobiya suna neman lasin, aka ƙiyasta za su iya kama tan 12,000 a shekara. Masunta suka sake ɗaga murya, hukuma ta hana su lasin. A Sanagal ma haka aka yi. A 2012 sabuwar gwamnatin Maki Sal ta soke izinin manyan jiragen waje 29 bayan kukan jama'a ya yi yawa, sa'an nan a 2020 da jirage 52 na Sin da Turkiyya suka nemi shiga, masunta da mata masu sarrafa kifi suka tsaya kai da fata har ma'aikatar ta sanar cewa ta ƙi.

Adalci shi ne a saurari hujjar hukuma kafin a yanke hukunci, gama ba kowane mai son buɗe wa jirage ƙofa ne maci amana ba. Suna cewa baitulmali babu kuɗi, lasin kuwa yana kawo kuɗi a hannu. Suna cewa ƙasa tana kashe dukiya wajen sayo kifi daga waje alhali ga shi a ƙofar gida. Suna cewa akwai irin kifi da jatan lande na ƙasan ruwa waɗanda kwale-kwale ba ya iya kamawa da yawa, barinsu asara ne. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan, kuma babu mai hankalin da zai ce a kori manyan jirage daga teku ɗungum, domin can nesa, inda ruwa ke da zurfi, su kaɗai ke iya aiki. Amma duk ɗan kasuwa ya san bambancin uwar kuɗi da riba. Kifin da ke cikin ruwa yana hayayyafa shi ne uwar kuɗi, abin da ya ƙaru a kansa kowace shekara shi ne riba. Wanda ya ci riba ya bar uwa, shekara mai zuwa zai sake ci, jikokinsa ma za su ci. Wanda kuwa ya sa hannu cikin uwar kuɗi, zai yi shekara biyu ko uku ana ce masa mai arziki, rumfarsa tana cike, daga nan sai a ga ya rufe. Kuɗin lasin da ake karɓa a kan mil uku na gaɓa, sayar da uwar kuɗi ne ana rubuta shi a littafi da sunan riba.

Har wa yau akwai wani lissafin da ba a cika yi ba. Kwale-kwale guda na Fanti ya kan ɗauki mutum goma ko fiye, kuma bayan kowane guda akwai masassaƙi, da mai gyaran raga, da mai gyaran inji, da mai itacen banda, da matan da ke jira a gaɓa da kwanduna, da direban da zai kai kaya cikin ƙasa. Kuɗin kifin nan a cikin gari yake juyawa, hannu ya miƙa wa hannu. Babban jirgi kuwa da ma'aikata kaɗan yake kwashe abin da zai ishi kwale-kwale masu yawa, ya daskare shi a cikinsa, mai kyawun ya tafi kasuwannin waje, ribar ta bi shi. Abin da ke saura a ƙasar shi ne kuɗin lasin da ɗan ladan leburori. A Muritaniya da Gambiya da Sanagal an ga abin da ya fi wannan, inda aka kafa masana'antu masu niƙa ƙananan kifaye su zama gari da mai, a kai Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo huɗu ko biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo guda na gari. Wani bincike na 2021 ya ƙiyasta abin da ake kwashewa ta wannan hanya ya wuce tan rabin miliyan a shekara, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33.

Wanda ke son ya ga abin da masuntan Laberiya suka guje wa, ba sai ya yi nisa ba, ya dubi Gana. Ƙananan kifayen nan dangin sadin, waɗanda ake bandawa a Elmina da Shama da Tema a kai su har Kumasi da Tamale, inda mutanen zango ke saye su sa a miya, su ne naman talaka a ƙasar. A 1996 an sauke wajen tan 135,000 nasu, a 2016 kuwa abin da aka sauke wajen tan 29,000 ne kacal. Cikin abubuwan da suka jawo haka akwai wata sana'a da ake kira saiko. Manyan jirage, waɗanda lasin ɗinsu na kifin ƙasan ruwa ne, sai su riƙa kama ƙananan kifayen da ke rabon masu kwale-kwale, yawancinsu ba su kai haihuwa ba, su daskare su falle-falle kamar allo, su sauke wa waɗansu kwale-kwale na musamman a tsakiyar ruwa, a kawo gaɓa a sayar. An ƙiyasta a 2017 kaɗai an shigo da wajen tan 100,000 ta wannan hanya. Abin ban takaici, masuncin da ya fita ya komo hannu wofi, matarsa ta kan je ta sayi wannan kifi domin ta sami abin bandawa, watau ana sayar masa da abin da aka ƙwace masa. Dokar Gana ta hana baƙo mallakar irin waɗannan jirage, amma bincike ya nuna kusan tara cikin goma, tutar Gana ce a sama, masu su na gaskiya kuwa kamfanonin Sin ne a bayan labule. Tarayyar Turai ta gargaɗi Gana a 2013, ta sake gargaɗinta a 2021. Sai bayan an sha wuya aka matsa wa masu saiko, kuma a 2025 aka kafa sabuwar doka da ta kai yankin masu kwale-kwale mil 12.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na ƙasashe matalauta ne kaɗai. Kanada ƙasa ce mai arziki da masana da jiragen tsaro, amma abin da ya same ta ya fi na kowa zama abin wa'azi. A gabashinta, wajen tsibirin Niyufanlan, akwai wani kifi da ake kira kod, irin wanda ake busarwa ya yi tauri kamar itace, ake kawo shi Nijeriya daga Norwe. Shekara wajen ɗari biyar Turawa suna kamunsa a wurin da ƙugiya da ƙananan jirage, bai ƙare ba. Daga wajen 1950 manyan jirage masu injin daskarewa suka fara zuwa daga ƙasashe dabam-dabam, har a 1968 aka kama tan 810,000 a shekara guda. A 1977 Kanada ta shimfiɗa ikonta mil 200 ta kori yawancin baƙi, amma maimakon ta bar ruwan ya huta, sai ta gina nata manyan jirage. Cikin shekarun 1980 masuntan gaɓa suka yi ta faɗa cewa kifi yana raguwa, wanda suke samu kuma ƙanana ne, har suka kai ƙara kotu. Ba a saurare su ba, domin lissafin hukuma ya dogara ƙwarai a kan abin da manyan jirage ke kamawa, su kuwa da na'urorinsu suna bin sauran garken duk inda ya taru, cikinsu yana cika har ranar ƙarshe.

Ran 2 ga watan Yuli 1992 Ministan su na Kanada, Jon Kurosbi, ya sanar an rufe kamun wannan kifi. Abin da ya rage na iyayen kifin bai fi kashi 1 cikin 100 na yadda suke dā ba. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a dare ɗaya, ƙauyukan da suka shekara ɗaruruwa suka watse, samari suka tafi ci-rani ba su komo ba. An ce rufewar ta shekara biyu ce, sai ta kai shekara 32, ba a buɗe ba sai a 2024, da izinin tan 18,000 kacal, kuma ko a ranar ƙungiyar masuntan gaɓa ta yi kuka don an sake ba manyan jirage kaso. Hausawa suka ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Mutumin da ya gaji su daga kakansa, yana fita kullum asuba, shaidarsa a kan ruwa abin karɓa ce, ko da bai iya rubuta ta a takarda ba. Kuma matsalar ba ta tsaya a waɗannan ƙasashe ba. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa cewa a 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ne ake kama fiye da kima, a 2021 kuwa abin ya wuce kashi 37.

Malamai ba baƙi ba ne ga asalin wannan magana, gama babin hima sananne ne a fiƙihu, watau shugaba ya keɓe wani wuri na kowa da kowa saboda maslahar jama'a. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu a kan makiyayar da ya keɓe, ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare garkunan Abdurrahman ɗan Aufu da Usmanu ɗan Affan. Dalilin da ya bayar shi ne, waɗannan biyu in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa in nasa suka halaka, ƙofar Halifa zai zo da 'ya'yansa, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. A dubi girman mutanen da aka tsare, manyan Sahabbai ne, ba a tuhume su da laifin kome ba, yawan dukiyarsu kaɗai aka duba. Kamfanin jirgi in kifin Laberiya ya ƙare, sai ya ɗaga anka ya nufi wata ƙasa. Mutumin Kru in ya ƙare, ba shi da wani teku, sai dai ya zo birni ya zama nauyi a kan hukumar da ta sayar da ruwansa, ko ɗansa ya shiga kwale-kwale ya nufi Turai. A Sanagal an ga haka da ido, domin da yawa daga cikin waɗanda ke ratsa teku zuwa tsibiran Kanari 'ya'yan masunta ne, kuma da kwale-kwalen su suke tafiya.

Amma fa kada a ɗauka duk sa'ad da jama'a suka ƙi wata doka, gaskiya tana wurinsu. A 2018 gwamnatin Gana ta sanar za a rufe teku a watan Agusta domin kifi ya sami zuba ƙwai, masu kwale-kwale suka tayar da ƙura, suka ce ba a ba su isasshen lokaci ba, kuma watan shi ne kakarsu, har aka ɗage. A 2019 aka yi hutun daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, lokacin da ya fi musu sauƙi amma ba shi ne lokacin da kifi ya fi bukata ba, sai a 2021 aka mai da shi Yuli. Kukansu yana da dalili, gama wanda ke ci daga hannu zuwa baka ba ya jure wata guda babu aiki, kuma da wuya a ce wa talaka ya ajiye raga alhali yana hangen fitilun babban jirgi a ruwansa da dare. Duk da haka, hutun kansa daidai ne. Kuma a cikin masu kwale-kwale akwai masu su da fitila mai jan kifi, da raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan yatsa, da nakiya, da guba. Ɓarna ɓarna ce, ko daga jirgi ta fito ko daga kwale-kwale. Saboda haka ma'aunin da za a auna kowace sabuwar doka da shi, da kowace adawa da aka yi mata, guda ne: shin tana barin uwar kuɗi ta ƙaru, ko tana cinye ta? Adawar Laberiya ta 2017 ta tsare uwar kuɗi, shi ya sa ta cancanci yabo. Adawar Gana ta 2018 ta jinkirta magani, abin da ya kamata a nema a wurin shi ne tallafi na kwanakin hutu da tsananta wa manyan jirage.

Hutar da ruwa kuwa ba Turawa suka ƙago shi ba. Masuntan gaɓar Gana tun kaka da kakanni ba su fita su ran Talata. A ƙasar Kabi, mashigin Matan Fada na Argungu a tsare yake a hannun Sarkin Ruwa, ba a taɓa shi sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru su ɗauka. Da an bar kowa ya shiga kullum da irin ragar da ya ga dama, da babu abin da za a nuna wa baƙi. Abin da Sarkawa suka gane a kogi, shi ne masana ke faɗa a kan teku da lissafi.

Daga waɗannan labaru ana iya tsamo sharuɗɗan da ya kamata jama'a su tsaya a kansu duk inda aka zo da maganar sake dokar su. Kada a taɓa iyakar yankin talaka sai an tara masu abin an ji ta bakinsu a fili, gama umurnin da aka sa wa hannu a ofis ba tare da shawara ba shi ne ya haifi rigimar Laberiya. A buga sunan kowane jirgi mai lasin, da sunan mai shi na gaskiya, da abin da ya biya, kamar yadda Sanagal ta fara buga jerin jiragen da ke da izini a 2024, domin ciniki na ɓoye shi ne gidan rashawa. A ƙayyade abin da za a kama bisa ƙidayar masana da shaidar masunta tare, in an yi shakka a ɗauki ƙaramin adadi, domin kifin da aka bari bana yana nan baɗi, wanda aka kwashe kuwa ba ya komowa da sa hannun Minista. Sa'an nan a tsare masu sa ido da ake sakawa cikin jirage. A 2019 wani ma'aikacin Gana mai wannan aiki ya ɓace daga cikin jirgin da aka tura shi, kuma muddin mai faɗin gaskiya yana tsoron ransa a tsakiyar teku, rahoton da zai kawo ba abin dogara ba ne. Doka mai kyau a takarda, ba jirgin sintiri, ba alƙalin da zai ci tara mai zafi, daidai take da katanga ba ƙofa.

Saura rabon 'yan kasuwa, domin su ma suna da hannu, ko da suna nesa da gaɓa. Ba a yin saiko sai da mai saye. Dillalin da aka kawo masa kaya masu arha ƙwarai, ya buɗe ya tarar duk 'ya'yan kifi ne da ba su kai ko'ina ba, ya sani ribar jikokinsa yake saye da rahusa. Tambayar inda kaya suka fito ba ta rage wa ciniki albarka, kuma ƙungiyoyin masu kifi na manyan kasuwanni suna da murya wadda masu shigo da kaya ke ji, in sun ga dama su yi amfani da ita. Haka nan a Baga da Yawuri da Hadejiya, inda ake kukan raga mai ƙananan idanu da zuba guba a ruwa, mai sayen banda yana iya ƙin abin da ya san ta haramtacciyar hanya aka kamo shi. Malamai kuma, waɗanda ake tambaya hukuncin awo da ma'auni da algus, wannan ma yana cikin abin da ya dace su bayyana wa jama'a, cewa dukiyar da ta zama ta kowa amana ce a hannun shugaba, ba ya halatta ya sayar da ita ta hanyar da za ta halaka masu rauni. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba shugabanni ikon sauraron talakawansu tun kafin ɓarna ta auku, ya ba talakawa haƙurin bin doka in ta zama ta gyara ce, ya sa albarka a ruwa da tudu, ya kiyaye masu fita neman halali a kan teku, ya komo da su gida lafiya. Amin. Wassalam.